Malafar Da Ke Kan Kujerar Josina

A unguwar masu wanki ta garin Delft, a ƙasar Holland, idan aka yabi mace da tsabta, sai wani ya ce, "Ta kai Josina?" Daga nan maganar ta mutu, don babu wadda ta kai. Ubanta wankin zannuwa yake yi a filin shanya na bayan ganuwa, uwarta tana sa wa kwalar wuyan riga sitaci, ita kuwa tun tana 'yar shekara tara ta san zafin dutsen guga. Ta tashi gajeriya, mai faɗin kafaɗa, hannuwa jajaye kamar dafaffiyar ƙaguwa, ga murya da ke tsallake ruwa ta iske mutum a ɗaya gaɓar. Kullum da safe sai ta wanke dokin ƙofarta, ta haɗa da duwatsun titi guda shida da ta yanke wa kanta hukuncin cewa nata ne. Wanda ya tofa yawu a kansu, a ranar zai ji labarin kakanninsa.

Ta auri Wouter, kafintan jirgin ruwa, mutum shiru-shiru da ya gane tun makon farko cewa maganar gidan ta riga ta sami mai yi. A shekarar 1660 ya bi jirgin fatake zuwa ƙasashen gabas, ya bar mata abu uku. Akwai kabad ɗin da ya haɗa da hannunsa, ya sassaƙa babban kifi a ƙofarsa, kifin ya fito kamar alade mai wutsiya. Akwai kanari a keji. Sai ƙaninsa Gillis, mai zane, a ɗakin sama. Cikin ukun, kabad ne kawai bai ba ta wahala ba.

A garin da ko mahauci sai ya rataya zane a bayan kantarsa, Gillis ya shekara goma sha biyu yana zana jiragen ruwa ba mai saye, don jiragensa duk kamar yanzu za su kife. Daga baya ya koma zana ɗakuna, tun da ɗaki ba ya tangaɗi.

Shekara uku da tafiyar Wouter, da sanyi ya fara ja da baya, gidaje biyu ba su aiko da kwalarsu ba. Mako na gaba suka zama huɗu. Matar mai burodi ta amsa gaisuwa tana kallon ma'auni. Josina ta saka takalmin katakonta ta nufi kasuwar kifi wurin Belia, ƙawarta tun ƙuruciya, wadda ba a taɓa jin wata magana ta kwana a cikinta ba.

"Ke Belia, wa ya mutu ban je gaisuwa ba?"

"Ba wanda ya mutu, ƙawata. Sunanki ne dai yake jinya." Belia ta fille kan kifi ta jefar. "Ke kaɗai ce a Delft ba ki ga ɗakinki ba."

"Ɗakin da nake kwana a ciki?"

"Ɗakin da ke rataye a zauren Dattijo Verburg mai gidan giya. Ƙanin mijinki ya zana, dattijon kuma ya saya. Ranar Lahadi bayan coci har layi ake yi."

"To sai me? Ɗakina ba abin kunya ba ne. Mai so ya lashi daɓen."

"Daɓe kam yana ƙyalli. Tsintsiya ce a kwance a ƙasa."

Josina ta matso kusa da teburin kifin.

Belia ta ci gaba tana lissafawa da bakin wuƙa. "Buta ba murfi. Mage da kanta cikin farantin kifi. Keji a buɗe, ba tsuntsu. Malafar namiji a kan kujera. Ƙofar ɗakin ciki an turo ta, saura ɗan tsaga."

"Ni ina ina a zanen?"

"Abin da kowa ke tambaya ke nan, 'yar uwa."

A Delft ba a kallon zane, karanta shi ake yi. Tsintsiya a kwance, matar gida ta watsar da aikinta. Buta a buɗe da keji a buɗe, abin da aka ba ta ta tsare ya fice. Mage kuwa ba sai an faɗa ba. Irin waɗannan zanen suna nan a gidaje ɗari, ana sayensu don a nuna wa 'yan mata abin da za su guje wa, kuma ba wanda ke tambayar ɗakin wa aka zana. Amma wannan zanen ya nuna kabad ɗin Wouter, kuma kifi mai kama da alade guda ɗaya ne a duk ƙasar Holland.

Kwalar gidan Verburg tana hannunta, gogaggiya. Ta kai ta ƙofar baya yadda ta saba, ta miƙa wa matar gidan, ta wuce zaure kai tsaye ba wanda ya ce mata bismilla.

Zanen bai fi faɗin tire ba. Hasken hantsi ya shigo ta tagar hagu, ya kwanta a kan tayil fari da baƙi, ya hau ƙafar kujera ya tsaya. Bango fari, amma farin mai sanyi, kamar madarar da ta kwana. Ba mutum ko ɗaya. Ita ba ta taɓa ganin ɗakinta ba ita a ciki ba. Shirun ne ya fi damunta, irin shirun da ake yi idan an ji takun mutum an ɗauke numfashi. Kuma malalacin nan ya iya, abin da ya ƙara ƙona mata rai ke nan. Sandar tsintsiyar tana nuna kujera, kujerar tana ɗauke da baƙar malafa mai jan gashin tsuntsu, ja guda ɗaya tak a duk ɗakin, daga malafar kuma ido ba shi da wurin zuwa sai tsagar ƙofar nan mai duhu. Ya shirya wa ido hanya yadda ake shirya wa ɓera hanyar tarko.

"Baiwar Allah, da ma ina shirin aikawa."

Dattijo Verburg ne a bayanta, ƙaton mutum, ɗaya daga cikin dattawan coci. Ya ce ranar Alhamis dattawa za su zauna a nan zauren, gaban zanen. Idan ba ta wanke kanta ba, ranar Lahadi kada ta matso kusa da teburin Jibin Ubangiji a coci.

Ta san abin da wannan ke nufi. Kowa zai tashi ya nufi tebur, ita ta zauna a benci ita kaɗai, coci cike ana kallon ƙeyarta. Shekara talatin ba ta taɓa fashi ba. Bayan wannan ba gidan mutunci da zai sake ba ta ko hankici, kuma jirgin farko da zai tashi gabas zai kai wa Wouter labarin kafin wasiƙarta.

"Ranka ya daɗe, kwalar da ke wuyanka ni na goge ta."

"Na sani."

"Ka taɓa ganin ɗigo a jikinta?"

"Kwala muke gani, baiwar Allah. Bayan ƙofa ba ma gani."

"To fenti ne ya gani?"

Ta fita ta ƙofar gaba, abin da ba ta taɓa yi ba a gidan.

Gillis yana sama yana niƙa shuɗin fenti a kan dutse lokacin da ya ji takun takalmin katako a matakala. Ba a hawa matakalar Josina da takalmi. Nan ya san ta ƙare masa.

"Matar Yaya, sannu da..."

"Rufe min baki. A'a, buɗe. Yaushe ka yi?"

Ranakun Litinin ne, in ji shi, idan ta tafi filin shanya. Daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya hasken ɗakin nan babu irinsa a Delft. Da farko ya zana shi yadda yake, komai a wurinsa. Ya zaga da shi gida shida, kowa ya ce ɗakin ba ya cewa komai.

"Mutane wa'azi suke so a bango, matar Yaya. Ɗakin mace tagari ba ya shiga kasuwa. Sai na ɗan motsa kaya."

"Ka kwantar min da tsintsiya a ƙasa."

"Na mayar kafin ki dawo."

"Mage fa? Mage a gidana?"

"Ta maƙwabta ce. Kifin ma nawa ne, da kuɗina na..."

"Malafar uban wa ce?"

"Tawa ce. Kusurwar tana neman baƙi. Wallahi da baƙar tukunya na samu, ita zan sa." Ya ja da baya har ya jingina da bango. "Ai ban zana ki ba! Don mutuncinki na bar ki a waje!"

"Kai, soko! Da ka zana ni ko da gemu ne, ai da an san inda nake! Shekara uku ina wanke maka riguna masu warin mai, ina ba ka cuku da burodi kana ce min man shanu ya yi kaɗan, ashe zaune kake kana jira in juya baya ka sayar da ni a kan katako! Har keji sai da ka buɗe!"

"Keji ban taɓa ba," in ji Gillis a hankali. "Haka na same shi."

Wannan karon ita ce ta kawar da kai. Ganin haka ya samu ƙarfin gwiwa, ya ce ranar Alhamis zai tashi ya gaya musu malafar tasa ce, magana ta ƙare.

"Ka ce taka ce? Kai da kake kwana a samana, yayanka yana teku? Idan ka buɗe baki a wurin nan, sai na goge maka harshe da dutsen guga, ciki da baya."

Ranar Laraba ta je ta yi wankin da ya rage mata, ta dawo da la'asar. Ta cire takalmi ta ajiye a gefen ƙofa. Ta rataye kwandon wanki a ƙusarsa, ta rataye jakar sitaci a tata. Ta ɗaga mayafinta za ta rataye a ƙusa ta uku, sai hannunta ya tsaya a sama. Daga nan ta sauke kayan duka, ta koma bakin ƙofa inda Gillis ya kafa katakon zanensa, ta kalli bangon.

Ranar Alhamis dattawa biyar suka zauna a zauren Verburg, an jingina zanen a kan kujera kamar shi ne mai ƙara. Cikinsu akwai wani siriri mai sayar da littattafai, ya zo da littafin da ke fassara alamomi, ya lasa yatsa ya shiga karantawa. Tsintsiya, shafi kaza. Buta, shafi kaza. Ya daɗe a kan mage fiye da yadda ya kamata. Da ya iso kan malafa ya ɗago ya tambayi ko akwai wanda ya san mai ita.

Gillis ya miƙe, gumi yana bin wuyansa. "Tawa ce."

Mai littafi ya rufe littafinsa a hankali. Verburg ya kalli Gillis, ya kalli Josina, ya ce, "Ƙanin mijinta." A bayan ƙofa aka ji kofi ya taɓa kofi, matar Verburg ce da ta kawo abin sha ta maƙale a wurin.

"Zauna," in ji Josina, ba ta ko kalle shi ba. "Kai da ni sai mun je gida." Ta tashi ta tsaya gaban zanen. "Iyayena, kun karanta abin da ke ciki. Ku ba ni dama in karanta muku abin da ba ya ciki. Ranka ya daɗe mai littafi, mene ne wannan a bango?"

Ya matso ya ƙanƙance ido. "Ƙusa ce."

"Nawa?"

"Uku."

"Me littafi ya ce a kan ƙusa?"

Ya buɗe ya duba gaba, ya duba baya. "Ƙusa ba ta da ma'ana."

"A gidan wanda bai taɓa rataye komai ba. Ta farko ta kwandon wanki ce, ta biyu ta jakar sitaci, ta uku ta mayafina. Wannan wofin ya zana su ne don inuwarsu ta burge shi. Dubi gefen ƙofa, ga tabarmar takalmi, ina takalmin? To ku gaya min, ku da kuka yi karatu. Wace mace ce za ta shiga ɗakin ciki da namiji, ta yafa mayafin fita, ta sa takalmin katako, ta ɗauki kwandon wanki da jakar sitaci ta shiga da su? Guga za ta yi masa?"

Wani dattijo ya yi tari ya rufe baki da hannu.

Mai littafi bai saduda ba. "Mai zane zai iya sauke kwando kafin ya zana."

"Wannan? Ya ɗaga kwandon wanki? Ka tambaye shi ko ya san nauyinsa. Kuma ka dubi daɓen. Ƙyallin nan jiƙa ce. Ranar Litinin kawai nake wanke shi da baya da baya, in fita ta ƙofa in bar shi ya bushe ba a taka ba. Ranar Litinin ina ina, in ba filin shanya ba? Duk wanda ke zauren nan wandonsa ya shaida."

Sai ƙofa ta buɗe, matar Verburg ta shigo da tire, ta dire shi da ƙarfi. Ba a saba mace ta yi magana a zaman dattawa ba, amma zauren nata ne. "Mako uku ina gaya masa," ta ce. "Tun ranar da aka rataye shi na ce masa matar nan ba ta gida. Ya ce ni me na sani game da zane."

Verburg ya gyara kwalarsa, wadda ba ta bukatar gyara. "Saura keji," ya ce. "Ko shi ma mai zanen ne ya buɗe?"

"Bai taɓa ba." Muryar Josina ta sauka, ba wanda ya taɓa jin ta a haka. "Kanarin Wouter ne. Ya mutu a sanyin farko. Na buɗe na ciro shi, ban rufe ba. Ban kuma rubuta masa ba, don ya ce min in ya dawo zai tarar ya koyi sabuwar waƙa." Ta share hanci da bayan hannu, muryar ta dawo inda take. "Tsuntsu ya mutu, ma'anar ke nan! Ka rubuta a littafinka, ka ba shi shafi!"

Dattawa suka yi ƙus-ƙus, suka ce babu laifi a kanta. Gillis aka yi wa faɗa, aka umarce shi ya gyara zanen. Ba wanda ya ce mata yi haƙuri. Ta tsaya tana jira har suka fara neman sandunansu, ta ga ban haƙurin ba zai zo ba, ta ce wa Verburg daga yau kwalarsa ya nemi mai goge masa. Ta matarsa kuwa ta ci gaba da karɓa.

Ranar Lahadi ita ce ta fara tashi zuwa tebur, tun kafin a gama kira, takalmin katako yana amsa kuwwa a duk cocin.

Gyaran ya ɗauki mako biyu, tana tsaye a kansa da dutsen guga a hannu. Ya miƙar da tsintsiya, ya rufe buta, ya kori mage, ya shafe malafa da launin bango. Ya ce bari ya sa mata kanari a keji, ya rufe ƙofar, har ya zana ta ita ma tana ɗinki a bakin taga.

"Ka taɓa ganina zaune a bakin taga? Ka yi min ƙaryar sharri, yanzu kuma za ka yi min ta alheri? Bar kejin yadda yake."

Da aka gama, Verburg ya dawo da zanen, ya ce ɗakin ya daina cewa komai. Josina ta rataye shi a madafa, kusa da tukwane.

Wouter bai dawo ba. Akwatin kayan aikinsa ne ya dawo, da takardar rasuwarsa mai layi huɗu. Ta ci gaba da guga har hannunta ya ƙi rufuwa a kan dutsen. Gidajen da suka janye kwalarsu sun dawo ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai da ya tsaya a dokin ƙofa ya ji abin da ta tanadar masa. Gillis bai yi aure ba, bai kuma bar ɗakin sama ba, ya tsufa yana ƙorafin man shanu.

Abin da bai gaya mata ba, wataƙila shi ma bai sani ba, shi ne farin fenti yana yin shara-shara idan ya tsufa. Shekara tara bayan zaman dattawa, wata safiya tana kankare tukunya ta ɗaga kai, sai ga wata inuwa a kan kujerar da ke cikin zanen. Ta goge da tsumma, ba ta fita ba. Kafin sanyi ya shigo jan gashin ma ya leƙo.

"Gillis!"

Tun daga lokacin, duk bayan 'yan shekaru sai unguwa ta ji kiran nan, sai a ga tsohon ya sauko da buroshi yana dafa bango. Na ƙarshe da aka ji, tana da shekara saba'in da ɗaya, ba ta iya tashi daga kujera, idonta ma ya yi rauni, amma malafar ba ta ɓuyar mata ba.

"Matar Yaya, duk waɗanda suka san zancen nan sun mutu," ya ce. "Verburg ya mutu, mai littafi ya mutu, Belia ma ta tafi. Wa ya rage da zai gani?"

"Ni. Ƙara fari a wurin. Kuma ka cire takalmi, jiya aka wanke daɓen."